Arzika Marini da Makon Lafiya

Duk wanda ya san shiyar marina ta Sakkwato kafin a sami mulkin kai ya san Arzika, in bai san fuskarsa ba ya san aikinsa. Rini gado ne a wurinsa. Ubansa marini ne, kakansa marini, shi ma tun bai iya ɗaura wando ba yake wasa a bakin karofi. Dogo ne, siriri, marar yawan magana, hannuwansa shuɗi har gwiwa, irin shuɗin da ko ranar Salla ba ya fita. In ya haɗa ramin rini, ya zuba baba da toka ya bar shi ya nuna, zanen da ya tsoma a ciki yakan fito baƙi wuluk, kuma ko shekara nawa aka yi ana wanke shi ba ya koɗewa. Matan ƙauye, daga Wamakko har Kware, sukan ba mazansu saƙi ranar kasuwa su ce a kai wa dogon nan, kada a ba wani.

Matarsa Kulu 'yar manoman Wamakko ce, gajeruwa, mai kaifin baki, mai toya ƙosai a cikin gida. 'Yarsu ɗaya, Sadiyatu. Kulu ce ta fara ganin abin, wata safiya yana alwala ya tuɓe riga saboda zafi.

"Malam, tsaya. Wanga tabo na bayanka, yaushe yah hito?"

Ya ce ƙyasfi ne. Ta kai yatsa ta mintsini wurin, bai waiwayo ba. Ta sake mintsina da ƙarfi har farcenta ya bar shaida, shi kuwa yana ta wanke ƙafa. Ta koma bakin murhu, ranar ƙosai ya ƙone.

Sun ɓoye abin iyakar iyawarsu. Sun sha saiwoyi, sun sha rubutu, an yi tsaga. Amma kuturta ba ta ɓoyuwa ga mai aiki da hannu. Yatsunsa na hagu suka daina jin kome, ya yi ta yankewa bai sani ba, miki ya ƙi warkewa. Wata rana Maccido, dattijon da ke shugabancin karofin, wanda tare da uban Arzika suka tashi, ya kira shi gefe. Bai zauna kusa da shi ba.

"Arzika, ba ni ka korar ka ba. Mutane na ba su son kayansu shi bi ta hannunka. Tahi gida ka huta, har Allah shi kawo sauƙi."

"Baba, ramukkan ga ubana yag gina su."

"Na sani. Ba su zuwa ko'ina."

Ba su je ko'ina ba kuwa. Kafin sati ya zagayo ɗan Maccido na rini a cikinsu.

Daga nan abin ya bi ko'ina. A masallaci aka fara barin masa fili dama da hagu, har wani ya ce masa gara ya riƙa salla a gida. A rijiya aka ce kada gugarsu ta ƙara shiga. Ƙosan Kulu, wanda a da kafin hantsi ya ƙare, ya koma kwana a kwano. Da yara suka fara yi wa Sadiyatu waƙa a hanyar makarantar allo, sai Kulu ta ɗaure mata 'yan kayanta ta aika da ita Wamakko wurin kawunta Bawa. Su biyu kuma suka tashi daga shiyar da aka haifi Arzika, suka koma bayan gari wajen Gidan Dare, inda a lokacin gidaje tsilli-tsilli ne a tsakiyar gonaki. Dangin Kulu sun zo har gida sun ce ta nemi saki, babu alƙalin da zai hana ta. Ta ce musu su sha ruwa su kama hanya tun rana ba ta yi ba.

A shekarun nan ne sabon magani ya shigo ƙasar, 'yan ƙwayoyi farare da ake haɗiya mako-mako. Wani Banufe malamin asibiti ne ke raba su a gindin wata tsamiya. Shi ne mutum na farko, ban da Kulu, da ya kama hannun Arzika tun da ciwon ya bayyana. Yakan jujjuya hannun, ya latsa, ya shafa masa auduga a baya ya ce, ka ji? Arzika bai taɓa fashi ba, damina da rani. Tabon ya dushe, mikin ya rufe. Kawunan yatsu biyu na hagu sun riga sun tafi, su kam ba dawowa. Bayan shekaru Banufen ya duba shi tun daga kai har ƙafa ya ce masa ya warke, ba ya ɗauke da kome, ba wanda zai ɗauka daga jikinsa.

Washegari ya sa rigarsa ya tafi karofi. Maccido ya yi masa barka daga nesa, ya ce Alhamdu lillahi, ya kuma ce a ɗan ƙara haƙuri, mutane ba su gama sakin jiki ba.

Arzika ya dawo gida ya ɗauki diga. Shi da Kulu suka haƙa rami ɗaya a bayan ɗakinsu, suka daɓe shi. Bawa ya riƙa karɓo saƙi daga ƙauyuka ya kawo a jaki, ya mayar rinanne, in an tambaye shi wa ke yi masa sai ya ce wani ne a birni. Matan da suka daɗe suna kukan rini ya lalace suka ce Allah ya kawo wani mai hannu. Tuwo ya dawo gidan. Har wani saurayi ɗan masu shinkafa ya fara zuwa zance wurin Sadiyatu a Wamakko.

Ana cikin haka, a bazarar shekarar da Arewa ta sami mulkin kanta, wani duba-gari mai suna Malam Yari ya jingina kekensa a ƙofar gidan. Saurayi ne mai farin kaki da alƙalami a aljihu, yana cikin kwamitin da ke shirya Makon Lafiya. Biki ne da akan yi kowace shekara in zafi ya tsananta: a share kwatami, 'yan makaranta su yi waƙar tsafta, a yi gasar jarirai, a raba sabulu. Bana kuwa, in ji Yari, an ware rana guda sukutum don masu ciwon kuturta, a nuna wa jama'a cewa ciwo ne kamar kowane ciwo, ana warkewa, kuma wanda ya warke ɗan ƙasa ne kamar kowa.

"Malam Arzika, kai muka so ka tsaya gaban mutane. In sunka gan ka da idonsu, wagga ƙyama ta ƙare. Ba don kanka ɗai ba, don na baya."

An shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba. An kawo masa ruwa, ya ce ya ƙoshi. Kulu na lura daga bayan zana. Da ya tafi ta fito.

"Malam, mutumen da bai sha ruwanka ba, shi za ya gaya ma duniya ka warke?"

"Yaro na, Kulu. Ba don shi za ni ba. In Baba Maccido ya ji ga bakin hukuma, mi za shi ce kuma?"

"Ni dai na hwaɗi."

Ya ɗauki mako yana shiri. Ya rina wata riga da hannunsa, ya tsoma ya shanya ya sake tsomawa har ta yi baƙin da ke ɗaukar ido, ya buge ta da kansa tana ƙyalli. So yake in ya tsaya, kafin a dubi yatsunsa a dubi aikinsu.

Ranar ta zo da zafin da Sakkwato kaɗai ta san irinsa. An kafa rumfa babba an jera kujeru, manya sun cika ta, Bature ɗaya ko biyu a tsakiya. An ɗaura farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu an rubuta LAFIYA HAƘƘIN KOWA CE, da boko da ajami. Arzika ya nufi rumfa. Wani mai gadin fili ya tare shi da sanda, ya nuna masa wani wuri can gefe da aka kewaye da igiya, ba inuwa, ba tabarma. Ya ce nan aka tanadar masa.

Nan ya tsaya aka yi waƙoƙi. Nan ya tsaya aka auna jarirai, aka tafa wa mai ƙiba. Ƙasa ta gasa masa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Rana ta take tsaka kafin a zo kansa.

Yari ya ɗauki abin magana, muryarsa ta cika filin ta lasifika. Ya yi magana mai daɗi, ba laifi. Ya ce zamani ya canza. Ya ce jahilci ne ke sa mutum ya guji ɗan'uwansa. Ya ce ga Arzika nan, ya warke sarai, a ci da shi, a sha da shi, a yi salla kafaɗa da kafaɗa da shi. Sai ya rage murya ya ce, "Tuɓe riga."

Arzika ya dube shi.

"Tuɓe, su ga bayanka. Shi na shaida."

Ba wanda ya gaya masa za a yi haka. Magidanci, mai 'yar da ta isa aure, a gaban mata da yara da dattawan da suka san ubansa. Ya duba cikin taron ya hangi Maccido a bakin rumfa. Ya tuna abin da ya kawo shi. Ya cire rigar da ya yi mako yana rinawa, ya rasa inda zai ajiye ta, ya riƙe a hannu. Yari ya karɓi sandar mai gadi, ya tsaya a bayan igiya, ya miƙa ta yana nuna inda tabon yake a da. Ya ce ya juya, ya juya. Ya ce ya ɗaga hannun hagu sama, ya ɗaga. Yara suka matso suna leƙe, wata mata ta ja ɗanta baya. Mai ɗaukar hoto ya durƙusa ya ɗauka.

Aka ce kwamiti ya ba shi kyautar bargo da sabulu. Masinja ya kawo, ya ajiye a ƙasa daga wajen igiya, ya tura da ƙafa. Bargo, a watan da ko zane mutum ba ya iya rufa da shi.

Maƙogwaronsa ya bushe. Ga randa nan a bakin rumfa da moɗa a kai, kowa na zuwa ya sha, har direbobi. Ya ce a taimaka masa da ruwa. Masinjan ya ɗebo, ya ce ya tara hannu, ya tsiyayo masa daga sama kamar mai ban ruwan albasa. Ruwan ya bi ta gurbin yatsun ya zube a ƙasa.

A nan ne wani abu ya tsinke a cikin Arzika. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya tsallake igiyar, ya taka har gaban Yari, inda abin magana ke ɗaukar kowane numfashi, ya miƙa hannunsa na dama, mai lafiya, mai yatsu biyar cif.

"Malam, ka ce na warke. Na gode. Ga hannuna."

Yari na riƙe da abin magana a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Ya dubi sandar kamar an manna masa ita. Ya dubi rumfa. A rumfar ba wanda ya tashi, daga mai rawani har mai hular kwano. Hannun Arzika na nan a miƙe. Sai wani a cikin taro ya tuntsire da dariya, dariyar ta bazu, shugaban biki ya yi wa makaɗa alama suka saki ganga. Mai gadi ya zo ya ce ranka ya daɗe, an gama da kai.

Ya sa rigarsa ya fita. Bargon da sabulun ya bar musu a inda ƙafa ta ture su.

Abin da bai lissafa ba shi ne ranar ta dace da ranar kasuwa, filin cike yake da mutanen ƙauye. Sun ga rigar. Wanda ya san rini ba ya ɓata baƙin Arzika, kuma sun ga Bawa yana jiransa a bakin fili da jakin da suka sani. Kafin damina ta sauka saƙi ya daina zuwa. Wasu matan har ƙona zannuwan suka yi, zannuwan da suka shekara suna ɗaurawa ba abin da ya same su. Saurayin Sadiyatu ya daina zuwa, iyayensa suka aiko cewa a yi haƙuri. Bawa ya zo ya tsaya a tsakar gida yana faɗa, ya ce da Arzika ya zauna a gidansa da ba a kai ga haka ba. Kulu, wadda ita ce ta fara hana shi zuwa, ita ce ta tare wa mijinta faɗan.

"Mi yay yi? Sata yay yi? An kira shi, ya amsa. Tahi ka yi ma waɗanda sunka tuɓe shi hwaɗa, in kana iyawa."

Maccido kuwa, da Arzika ya haɗu da shi a hanya, cewa ya yi, "Ai ka gani da idonka. Ko su masu ilimin ba su taɓa ka ba. Ni mi ni ka iyawa?"

Wannan ita ce ribar da ya samu. An tara gari don a kashe ƙyama, aka koya wa gari cewa ko wanda ya ce a daina ta bai daina ba.

Daminar nan a gonar Bawa suka yi ta, yana noma da fartanya ɗaure a hannun hagu da tsumma. Ramin rini ya bushe, ƙadangaru suka tare a ciki.

Da bazara ta zagayo, shekarar da ake ta shirin karɓar 'yancin ƙasa baki ɗaya, sai ga keken Yari kuma. Ko kunya. Ya ce bikin bara ya yi armashi, an yaba ƙwarai, hoton Arzika na rataye a ofis. Bana za a yi wanda ya fi shi, tunda shekarar 'yanci ce. Kulu ta ɗauki muciya, Arzika ya ce ta ajiye.

"Ina zuwa, Malam. Amma cikin rumfa ni ka zama, da rigata ga jikina. In an kawo abinci, ni da kai ƙwarya guda."

Yari ya sosa ƙeya ya ce zai kai maganar gaban kwamiti. Bai dawo ba. Daga baya labari ya zo cewa sun sami wani, Maigandi, tsohon masunci daga bakin Rima, wanda shi ma ya warke amma ba shi da kowa, yana kwana a rumfunan kasuwa. An yi masa alkawarin abinci.

Ranar bikin Arzika ya cika gora da ruwan randar gidansa, ya ɗauki faifai babba da rigar nan ta bara, ya tafi ba wanda ya gayyace shi. Kome na nan yadda yake, rumfa, ƙyalle, igiya, sai dai an ƙara tutoci. Maigandi, tsoho da shi, na tsaye a rana. Arzika ya ɗaga igiyar ya shiga. Ya miƙa masa gorar ya kafa baki ya sha, ya karɓa shi ma ya kafa baki a daidai wurin ya sha. Ya tsaya kusa da shi yana tare masa rana da faifai. Mai gadi ya zo, ya kasa sanin yadda zai fitar da mutumin da ba ya son taɓawa, ya yi ta zagaye yana kaɗa sanda.

Da Yari ya zo wurin cewa tuɓe riga, Maigandi ya cire tsummansa, haƙarƙarinsa a waje. Kafin sanda ta miƙo Arzika ya ware baƙar rigar ya zura masa. Ya juya ga Yari, a wannan karon da murya, har na bayan fili suka ji ba lasifika.

"Dattijo na, ba akuyar kasuwa ba. In kuna son ku ga ya warke, ku zo ku zamna da shi. In ba ku iyawa, ku sauke ƙyallen can, ku bar yi ma Allah ƙarya."

Ba a yi dariya ba a wannan karon. Shugaban biki ya ce a fitar da shi, ya ɓata tsari. Masu gadi uku suka sa shi gaba da tsinin sanduna, suna zungurar bayansa. Bai yi gardama ba, amma bai saki hannun Maigandi ba, don haka tare suka fita. Aka bar igiya kewaye da fili ba kowa a ciki, Yari ya ƙarasa jawabinsa yana nuna wa mutane hoton bara.

An kira Arzika ofis bayan kwana biyu, aka tsayar da shi a bakin taga daga waje aka yi masa kashedi. Ya saurara har suka gama, ya ce ya ji.

Maigandi bai koma kasuwa ba. Kulu ta share masa ɗakin da suke ajiye itace. Shi da Arzika suka kwashe ramin rini, suka sake daɓe shi. Masunci bai san baba ba, amma ya san jiƙa da matsa da shanya, sauran Arzika ya koya masa. Aiki ya dawo kaɗan-kaɗan, ta hannun fatake masu kai baƙin rawani arewa wajen Buzaye, waɗanda ba su tambayar wa ya rina in dai baƙin ya yi. Sadiyatu ta yi aure a makare, ta auri wani direban babbar mota wanda ya zo da kansa ya gaida surukinsa hannu da hannu.

Ranar da aka karɓi 'yanci ana jin ganguna da bindigogi har Gidan Dare. Arzika na bakin raminsa yana juya baba. Wani maƙwabci ya leƙo ya ce ba za shi kallo ba, yau fa kowa ya zama ɗa. Ya ce ya ji, Allah ya sa albarka, shi yana da aiki.

Bai ƙara taka shiyar marina ba, ba kuma wanda ya aiko ya ce ya dawo. Ramukan ubansa suna hannun zuriyar Maccido har rinin baba ya mutu. Arzika ya rasu 'yan shekaru bayan 'yanci, da ciwon ƙirji, ba da kuturta ba. Da aka nemi masu wanka, mutanen unguwa suka yi ta duban juna a ƙofar gida, kowa da uzurinsa. Maigandi da direban ne suka naɗe hannun riga suka shiga. Kulu na daga cikin ɗaki tana jin muryoyin waɗanda suka tsaya a waje, ta kuma riƙe sunan kowannensu, ba ta sake amsa gaisuwar ko ɗaya daga cikinsu ba har ta koma Wamakko.